Babansa ya kafe sai likita, shi kuma yaron hankalinsa na kan lantarki

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Kano, yarana biyar, babban namiji ne shekararsa 18 kuma maganarsa ce ta hana ni bacci. Tun yana firamare babansa ke ce masa Dakta har sunan ya bi shi, dangi kaf haka suke kiransa. Bara ya gama sakandare ya zana JAMB ya nemi medisin ya ci 221 ba'a bashi ba, haka ya zauna a gida shekara guda. A WAEC ɗinsa lissafi B2, fiziks B3, kemistiri C5, bayoloji kuma C6 da ƙyar. A zaman nan ne ya fara bin wani mai haɗa sola a layinmu, yanzu duk abun wuta da ya lalace a gidan shi ke gyarawa, fankar falo da ta shekara a mace shi ya tada ta. Yace shi injiniyan lantarki yake so ya karanta. Babansa ɗan kasuwa ne, shi ma likita yaso zama sai mahaifinsu ya rasu ya bar makaranta ya riƙe ƙannensa, yace ko sau nawa ne sai yaron ya sake JAMB har ya samu, wai bazai kashe kuɗinsa ɗansa ya ƙare a hawa rufin mutane ba. Da na ɗan yi magana sai yace a cika medisin ɗin, in ba'a samu ba sai a canja zuwa injiniyarin daga baya. Yaron baya iya musu da babansa sai dai ya shiga ɗaki ya rufe, abinci ma sai na matsa masa. Shekaranjiya ya same ni a kicin yace Umma ki bani kuɗin fom in je in cika abun da nake so ba sai Abba ya sani ba, in admishin ya fito sai mu roƙe shi. Kuɗin na nan na adashina amma wallahi gabana faɗuwa yake, kuma an kusa fara sayar da fom. In bashi ko in hana shi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana yaran nan ya shirya su. Na taƙaita wasiƙar na kuma cire duk abun da za'a iya gane ki da shi kamar yanda kika roƙa. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa saboda ita ce mai gaggawa: kar ki bashi kuɗin nan a ɓoye. Amma kar ki ɗauka nace maigidan ne da gaskiya, a'a, daga abun da kika rubuto ni a ganina yaron ya fi kusa da daidai akan abun da ya dace ya karanta, hanyar da ya kawo miki ce bata ɓullewa.

Kinga abun nan ba ɓoyuwa zai yi ba. Ranar jarabawa uba zai tambayi yanda aka yi, sakamako zai fito da sunan darussan a rubuce, zai ga lissafi a inda yake jiran ganin bayoloji, daga wannan ranar kuma maganar ta tashi daga wane kwas ya dace da yaro ta koma matata da ɗana sun haɗa kai sun yaudare ni, kuma namiji irin wanda kika siffanta, wanda ya saba ɗaukar nauyin kowa tun yana saurayi, wannan ciwon ya fi masa zafi akan a ce ɗansa bai zama likita ba. Sannan shekara biyar ake yi a injiniyarin, kuɗin rajista da na hannu da na littafi duk daga aljihunsa zasu fito, adashi bazai ɗauki wannan ba. In ya tsaya yace ba ruwansa ke ce zaki shiga tsaka mai wuya, yaron kuma ya shiga makaranta da fushin uba a kansa wanda babu uwar da take so wa ɗanta. Faɗuwar gaban nan da kike ji ki saurare ta.

Yanzu ga abun da nake so ki riƙe sosai, don shi ne makamin da zaki tunkari Alhaji da shi ba tare da an yi faɗa ba. Maganar da yayi ta a cika medisin in ba'a samu ba a canja zuwa injiniyarin, ba ta yiwuwa, kuma na tabbata bai san haka bane, iyaye da yawa basu sani ba. JAMB darasi huɗu ake zanawa, Turanci dole ne ga kowa sai uku da suka dace da kwas ɗin. Mai neman medisin fiziks da kemistiri da bayoloji zai zana. Mai neman injiniyarin kuma lissafi da fiziks da kemistiri. Darasi ɗaya ne kawai ya raba su amma shi ɗin ne komai, saboda bayan sakamako ya fito JAMB na bari a biya kuɗi a canja kwas ko a canja makaranta, amma bata canja darasin da aka riga aka zana. Yaron da bai zana lissafi ba babu sashen injiniyarin da zai ɗauke shi ko nawa ya ci, haka kimiyyar kwamfuta ita ma lissafi take nema. Abun da zai rage masa in medisin ta kuɓuce shi ne irin su bayokemistiri da maikurobayoloji da ilimin dabbobi da na tsirrai, kwasa-kwasai ne masu mutunci ga wanda yake son su, amma duk ƙannen bayoloji ne, darasin da ɗanki ya tsallake da C6 da ƙyar. Wato dai an yi ba tsuntsu ba tarko, uba bai samu likitansa ba ɗa bai samu lantarkinsa ba. Shi ya sa nake cewa hukuncin nan ba ranar admishin ake yanke shi ba, ranar da aka zauna gaban kwamfuta ana cika fom ake yanke shi.

Sai maganar 221. Ba mugun maki bane, akwai kwasa-kwasai da yawa da ake shiga da shi, amma gaskiya tsakaninsa da medisin akwai tafiya. Hukumar likitoci ta ƙasa MDCN ita ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da zata iya ɗauka gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwarta, shi ya sa guraben suke da ƙaranci masu nema kuma dubbai, akwai yaran da suke haura 270 su dawo gida hannu rabbana. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da makarantar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, to ko a kason yankin ma da yaran kwalejojin kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu zai kara, waɗanda su kansu suke son abun suke kwana akan littafi. Ban ce ba'a taɓa samun wanda ya tashi daga 220 ya kai ba a zama na biyu, ana samu, amma ki duba zaki ga wanda yake so ne da zuciyarsa. Yaron da ake turawa yana tirjewa daga ina zai samo ƙarin maki hamsin ko sittin.

Kuma mu ɗauka ma Allah yayi ya samu. Shekara shida ce, makin ci a can 50 ne, a shekara ta biyu za'a shigar da shi ɗakin gawa ya fara koyon sassan jiki jijiya bayan jijiya ƙashi bayan ƙashi, hadda ce mai yawan gaske, akwai babbar jarabawar da in mutum ya faɗi ya maimaita ya sake faɗi sai a sallame shi ya nemi wani sashen bayan ya ƙona shekara uku ko huɗu. In ya gama ga shekarar horo a asibiti, ga bautar ƙasa, in yana son ƙwarewa ga wasu shekaru biyar ko shida ana kwanan asibiti. Aiki ne mai daraja da lada, kowa ya taɓa kai mara lafiya cikin dare ya san darajar likita, amma masu sonsa ma kuka suke balle wanda aka sa dole. Ki yi lissafin shekaru da kanki: in ya shiga injiniyarin bana yana 19 zai fito yana 24, in kuma aka yi ta maimaita JAMB sau biyu nan gaba kafin a dace sai ya kusa 30 kafin ya gama bautar ƙasa, wannan ma in ba'a haɗu da yajin aiki irin na ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas ba. In kuma Alhaji yace to zai kai shi waje, ki tuna masa yaran da aka kwaso daga Sudan a 2023 da yaƙi ya ɓarke karatu ya tsaya musu cak, da yanda canjin dala ya koma, da kuma cewa wanda ya karanto a waje sai ya ci jarabawar MDCN kafin a bashi lasisi.

Duk da haka dan Allah kar ki kalli maigidanki a matsayin mugu a labarin nan. Mutumin da ya ajiye burinsa ya shiga kasuwa don ƙannensa su ci abinci, shekara da shekaru yana kallon sa'o'insa da suka yi karatu, Allah ya bashi ɗa namiji na fari, ai ba abun mamaki bane ya ɗora masa abun da shi ya rasa. Kuma tsoronsa ba na banza bane, yana ganin masu digiri suna zuwa shagonsa neman aikin jiran kaya, a tunaninsa likita ne kaɗai baya rasa abun yi, kuma da yaji lantarki abun da yake gani shi ne yaro da tsani a kafaɗa da filaya a aljihu. So ne da tsoro suka haɗu. In kika je masa da cewa yana tauye yaro zai ƙara kafewa, in kika je masa ta ƙofar tsoron nan nasa, cewa ke ma abun da kike gudu kenan kar yaro ya tashi a tutar babu, zai fi saurarenki.

Shi ma yaron ba zan sake shi haka nan ba. Son bin mai sola daban, karatun injiniyan lantarki daban. Yaro ɗan 18 da ya gaji da zaman gida, ya samu inda ake fita da shi ana yabonsa ana damƙa masa dubu biyu ko uku da yamma, dole abun ya masa daɗi, to sai a tantance ko lantarkin yake so ko 'yancin da kuɗin. A jami'a shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri, ta biyu zanen injiniya da wokshop da ƙarin lissafi, sai an yi nisa ake shiga lantarkin sosai kuma shi ma yawancinsa a takarda ne, kalkulas ne tuli, mutum zai iya yin wata da watanni bai taɓa waya ba. B2 a lissafi da B3 a fiziks alama ce mai kyau in da kansa ya samo su, kin dai san yanda wasu makarantun suke yi a lokacin jarabawa, ke kika san wacce yayi. Ga wata 'yar jarabawa da zaki masa a kicin ɗin nan ba tare da ya san jarabawa bace: ki ce masa wata ƙawarki na son sola, tana da fanka uku da ƙwai goma da firij ƙarami da talabijin, fanel nawa zata saya, batir nawa, inbata mai ƙarfin nawa. In yace bari in tambayi oga, ko yace oga biyu yake sawa a irin wannan, to hannu ne kawai ya koya. In kuwa ya jawo takarda ya fara tambayarki firij ɗin wat nawa yake ja, awa nawa take so fankar ta yi cikin dare, yana haɗawa yana ninkawa har ya manta da ke a tsaye, to wannan yaron kansa na wurin.

Sai gwajin da za'a iya nuna wa babansa. Kafin a sayi fom ɗin ya je cibiyar kwamfuta irin masu horar da 'yan JAMB, ko a wayarsa ma akwai manhajojin tsofaffin tambayoyi, ya zauna da agogo ya amsa lissafi 40 ya amsa bayoloji 40 kamar yanda suke zuwa a jarabawar, ya yi haka sau uku ko huɗu a ranaku daban a rubuta makin. Amma a samu wani babba ya tsaya a kansa, malaminsa na sakandare zai fi, kuma ki ja masa kunne kar ya ƙi ƙoƙari a bayoloji da gangan don in aka gano ya zubar da hujjarsa da kansa. Ɗan kasuwa ya san lamba, in aka ajiye masa takarda yaga nan riba nan faɗuwa zai fahimta fiye da doguwar magana.

Kuma gani ya kori ji. Ki nemi a haɗa yaron da likita matashi wanda bai daɗe da gamawa ba ya bashi labarin karatun tsakani da Allah, in da hali ya wuni da shi ya ga yanda layin marasa lafiya yake, sannan a haɗa shi da injiniyan gaske mai rajistar hukumar injiniyoyi ta ƙasa COREN, na kamfanin wuta ko na sadarwa ko na masana'anta, shi ma ya faɗa masa daɗin da wahalar, har da maganar waɗanda suka gama suna yawo da takarda. Don kar mu yaudari kanmu, akwai injiniyoyi birjik marasa aiki, digirin kaɗai baya sayen komai yanzu. Abun da yake bani ƙarfin gwiwa akan ɗanki shi ne ya riga ya fara da hannu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareto ya gagari mutane, kowa ya tuna duhun da arewa ta kwana a ciki kwana da kwanaki a watan Oktoban 2024 da layukan wuta suka lalace, yanzu masallatai da makarantu da asibitoci da masu rijiyar burtsatse da manoman rani duk sola suke nema, kuma da yawan masu haɗawar basu san lissafin abun ba, shi ya sa kike jin batir ya mutu cikin wata shida ko siririyar waya ta yi zafi ta kama da wuta. Wanda ya haɗa hannu da ilimin shi ne zai zauna ya tsara, wasu su hau rufin. Wannan ita ce amsar maganar Alhaji ta hawa rufi, kuma in son asibiti ne ai injin hoto da na wankin ƙoda da wutar ɗakin tiyata duk sai da injiniya suke tafiya, har kwas ne mai zaman kansa na injinan asibiti a jami'o'i irin su Ilorin da Legas.

Yanda zaki ɗauko maganar kuma yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Ba a gaban yara ba, ba yana shigowa daga kasuwa da zafin rana ba, ki bari ya ci ya huta bayan isha. Kar ki fara da yaro baya so, wannan kalmar ita ke tunzura iyaye maza. Ki fara da tambaya, kice Alhaji ashe wai in an cika medisin ba'a iya komawa injiniyarin, haka naji, dan Allah ka bincika mana kar mu sake asarar shekara. Ki bar shi ya je ya tambaya da kansa, ya dawo da labarin a matsayin abun da shi ya gano, ba sai kin nuna kin riga shi sani ba. Ki kuma tambayi kanki, ya ma san waye ya tada fankar falon nan kuwa? Sau da yawa iyaye maza basa ganin irin waɗannan, ki riƙa faɗa masa cikin hira ba da sigar kare yaro ba. In kinga shi kaɗai bazai sauko ba ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malaminsa, in da likita a cikin abokansa ma ya fi don daga bakin likita maganar zata fi shiga. Amma daga ɓangarensa za'a nemo mutumin, kar ki kawo 'yan uwanki sai ya ga kamar taron dangi aka masa, kuma mutum ɗaya ya isa.

Yaron shi ma dole ya buɗe baki, shiga ɗaki a rufe ba magana bace, uba zai fassara shi da taurin kai ne kawai. Ki koya masa ya samu babansa ya durƙusa yace Abba na san alheri kake nufi da ni kuma duk abun da ka yanke zan bi, amma ina roƙon ka bani dama sau ɗaya in gwada lissafi, ga makin da nake samu, in ban kawo abun da zai shigar da ni jami'a ba duk abun da kace shi za'a yi. Ya kawo sunayen makarantu a rubuce don a ga da gaske yake, ga BUK a gida, ga ta Wudil da yanzu ake kira jami'ar Aliko Dangote, ga ABU Zariya, ga ATBU Bauchi, ga ta fasaha a Minna. Ya kuma yi alkawarin rage fita aiki har a gama jarabawa, don injiniyan lantarki shi ma ana rububinsa ba kyauta ake bayarwa ba, kuma akwai tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB. A gurbin poli na fom ɗin kar a cika da wasa, a sa Kaduna Poli ko ta Kano ko ta tarayya da ke Kazaure, in jami'a bata samu ba yayi difloma ta shekara biyu, in ya fito da sakamako mai kyau ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Na san har yanzu ana nuna wa masu HND, wato babbar diflomar poli, bambanci a wasu wuraren aiki shi ya sa nace ya bi ta diflomar ya tsallaka, amma ko ba komai ya fi wata shekarar zaman gida. Akwai kuma IJMB, jarabawar share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da ita, ita ma aji biyu take kai mutum. In kuɗi ya zo ya yi wuya akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati.

To in an yi duk wannan Alhaji yace shi dai medisin fa? Sai a bi shi, ba don ya fi gaskiya ba sai don ba'a gyara irin wannan da tawaye, amma ki roƙi abu biyu. Na farko ya amince wannan ne zama na ƙarshe, in bata samu ba baɗi yaro ya zana lissafi, kuma a faɗi haka a gaban wanda ya shiga tsakani don kar a manta. Na biyu a bar shi ya ci gaba da zuwa wurin ogansa Asabar da Lahadi. Shi kuma yaron ki faɗa masa in ya yarda to ya yi karatun da gaske, maganar faɗuwa da gangan ha'inci ne kuma kansa zai cuta. In makin ya yi kyau amma bai kai medisin ba, a cikin kwasa-kwasan da bayoloji ke buɗewa wanda ya fi kusa da halinsa shi ne ilimin ɗaukar hoton asibiti, rediyogirafi, shekara biyar ne, fiziks da injina ne suka yi yawa a ciki kuma BUK na yinsa, sai dai shi ma ana turereniya a kansa. Ku yi istihara ku ukun, da gaske nake ba don cika magana ba, amma a yi ta da zuciya a buɗe ba kowa ya riga ya yanke abunsa ba.

Abun da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne rufe ɗakin nan da ƙin cin abinci. Yaron da duk dangi ke ce wa Dakta tun yana ƙarami, ya nema ya rasa, abokansa sun tafi makaranta, duk wanda ya kira shi da sunan nan yanzu fami yake masa ko da bai nufa ba. Ke ki fara daina kiransa da shi a hankali ki koma sunansa na yanka, ƙannensa zasu biyo ki. Ki riƙa jansa hira akan aikin nasa ko baki gane ba, ki san su waye abokansa da inda yake zuwa da dare, don zaman banza da ɓacin rai su ne suke kai yaranmu ga shaye-shaye. In kinga baya bacci, yana rama, ko ya fara maganganun gara ya mutu ya huta, wannan ya wuce maganar kwas, ki faɗa wa babansa a ranar a kai shi asibiti. Sannan in kika hana shi kuɗin kar ki ce masa a'a kawai ki juya, ki ce masa kina tare da shi kuma ga yanda za'a bi, ya san ba shi kaɗai bane. Ki kuma kula kar sunan Dakta ya tashi daga kansa ya faɗa kan ƙanwarsa ko ƙaninsa ba tare da an tambaye su ba.

Ranar cika fom kuma, ko me aka yanke, a je cibiyar da JAMB ta amince da ita da lambar NIN ɗinsa da layin wayarsa na kansa wanda bazai ɓata ba, kar a ba wani yaron shagon kwamfuta ya cika masa a bayan ido. A duba ƙa'idar kwas ɗin a kundin JAMB na shekarar don makarantu kan ɗan bambanta, in an buga masa takardar ya tsaya nan wurin ya karanta darussa huɗun da sunan kwas da na makaranta ɗaya bayan ɗaya kafin ya fito, in da hali babansa ya raka shi. Allah ya zaɓa masa mafi alheri ya daidaita tsakaninsu, ki rubuto min yanda kuka yi da Alhaji.